Ciyawar Birni ta Pak Darmaji

Duk wanda ya san ƙauyenmu na Sendangwaru ya san Pak Darmaji, ko yana so ko ba ya so. (A wajenmu Pak ake ce wa magidanci, Bu ga matar aure, Kang ga yaya, Mbah ga kaka.) Shekara da shekaru ya yi a birnin Semarang yana aiki a wani babban otal. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya dawo gida da akwati ɗaya, kurciya ɗaya a keji, da bakin da ba ya hutu. In ka tambaye shi aikin da ya yi, sai ya gyara hula ya ce shi ne mai kula da lambun otal ɗin gaba ɗaya, ko tsinke ba a dasawa sai da izininsa. Wani direban motar kayan miya ya ce mana shi dai a bakin ƙofa ya gan shi, yana ɗaga wa motoci sanda yana hura usur. Amma tun da lambun yana kusa da ƙofar, ba mu ƙaryata kowa ba.

Kurciyar kam kurciya ce. Sekar sunanta. Kowace safiya sai ya ja kejinta da igiya zuwa kan doguwar gora a ƙofar gida, ya zauna a ƙasa da shayinsa yana jiran ta buɗe baki. In ta fara kuka, har masu babur rage gudu suke yi. Matarsa, Bu Sumirah, ta sha faɗa cewa da gobara za ta tashi, keji zai fara ɗauka, sannan hula, in lokaci ya rage ya leƙo ya ga ko ita ta fito.

To, duk shekara in Agusta ta matso akan yi gasar ƙawata mashigar ƙauye saboda bikin 'yancin kai. Alƙalai su zo daga gunduma cikin fararen kaya, su duba, su ci soyayyen rogonmu, su kai wa wani ƙauyen kofi. Haka muka saba.

Ranar da aka taru a barandar mai unguwa Pak Kasno don shirin wannan shekara, ina zaune kusa da farantin rogo, saboda haka babu abin da ya wuce ni. Wani ya ce a sake shafa wa tayoyin bara fenti ja da fari. Wani ya ce a ƙara tuta. Pak Darmaji ya ja tsaki mai tsawo, irin wanda sai a birni ake koyo.

"Tayoyi! Kullum tayoyi. Alƙali ya zo ya rasa ƙauye ya shigo ko wajen mai faci. Ku bar mini mashigar nan ni kaɗai. Ciyawa zan dasa."

Kang Ngadimin, mai awakin da gidansa ke kallon na Pak Darmaji, ya mayar da rogon da ya ɗauka.

"Pak, me ka ce za ka dasa?"

"Ciyawa."

"Wadda muke cirewa?"

"Ba irin taku ba, Kang. Ciyawar ado. Ganyenta ja mai duhu, ya tashi sama ya zubo ta kowane gefe kamar ruwan da ake fesawa a gaban otal. Kanta kuma laushi, kamar wutsiyar kyanwa. Turawa layi suke yi a ɗauke su hoto da ita."

"Ikon Allah! Ni kuwa tun ina yaro nake tare da ciyawa, ko Bature ɗaya bai taɓa biyo ni ba."

Aka bushe da dariya. Dariya kuwa ita ce abin da Pak Darmaji ba ya iya haɗiyewa. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa.

"Jama'a ku shaida. In ciyawata ba ta kawo wa ƙauyen nan kofi ba, Kang Ngadimin ya zo ya sauke Sekar daga kan gora, ya tafi da ita."

Bu Sumirah, da ke zuba wa mutane shayi, ta ce "Alhamdu lillahi" a hankali, amma ba a hankali sosai ba.

"Na karɓa," in ji Kang Ngadimin. "Sai dai ni kukan awaki ya kashe mini kunne, ban iya sauraron waƙa ba. Amma matata ta iya soya kurciya da tafarnuwa."

"In kuma na ci fa?"

"In goya ka daga nan har kasuwa, ina kukan bunsuru."

Da haka aka tashi.

Bai ɓata lokaci ba. Ya tafi birni, ya dawo a motar haya da ciyawar cikin baƙaƙen ledoji, ya hana kwandasta ya ɗora ta a saman mota, ya ba ta kujera kusa da shi. Ya jera ta dama da hagu a bakin hanya, daidai mashigar ƙauye, kusa da gidansa. Gaskiya ta yi kyau. In iska ta kaɗa, sai ka ga kamar kyanwoyi ne suka ɓuya suka bar wutsiyoyi a waje. Ya kwana yana mafarkin hawa bayan Kang Ngadimin.

Abin da shekarun birni suka mantar da shi, a wajenmu ciyawar bakin hanya ba ta da uba. In dai ba a kewaye ta ba, ta mai lauje ce.

Da safe ya fito da kejin Sekar a hannu, sai ya tarar da Mbah Painem, tsohuwar da ta girmi uwarsa, tana ɗaure dami. Dama da hagu an yi aski tas, sai gindi kawai ya rage a ƙasa.

Mutumin ƙauyenmu ba ya ɗaga wa tsohuwa murya, ko da gidansa ta rushe. Pak Darmaji ya ajiye keji, ya rusuna, ya haɗa hannu, ya saki murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Mbah, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. An ce kai ka shuka wannan? Allah ya yi maka albarka. Gwiwata ba ta son hawan tudu yanzu, sai ga shi ka kawo mini har bakin hanya."

"Mbah, ai wannan ta ado ce. Ta kallo."

"Na kalla, ɗan nan. Sai da na kalla sosai sannan na yanka. Zo ka ɗora mini."

Ya ɗora mata. Har da gyara mata zanen goyo.

Kang Ngadimin yana jingine da shingen awakinsa. Ya ɗago hannu.

"Pak, Turawan sun zo kuwa? Ko sun makara?"

Pak Darmaji ya juya masa baya. Ya ɗauko fartanya, ya tone gindin ciyawar ɗaya bayan ɗaya, ya kwasa a kwando, ya je ya watsa a kan tarin duwatsun da ke bayan garken Kang Ngadimin, can bakin tsohuwar hanyar rafi.

"Ga gawar nan," ya ce. "Awakinka su yi mata addu'a."

Ya sake komawa birni, ya sake biya wa ciyawa kujera. Wannan karon ya kewaye ta da shingen gora mai tsawon da babu tsohuwar da za ta tsallake. Amma ciyawar ƙanana ce, Agusta kuma tana tahowa. Ya zagaya ta da hannu a baya, sannan ya tara mu ya yi mana lacca.

"Mutanen birni ba su san noma ba. Ɗan ruwa suke yayyafa mata a buta, shi ya sa ba ta wuce gwiwa. Ku dubi ganyen nan. Wa take kama da shi? Shinkafa! Ƙanwarta ce. Me shinkafa ke so? Ruwa. Ni sai ta kai kafaɗar alƙali."

"Pak," in ji Bu Sumirah daga taga, "mai sayarwar bai gaya maka yadda ake kula da ita ba?"

"Ya fara wani surutu wai ba ta son ruwa da yawa. Yaro ne, Bu. Sa'ad da nake kula da lambu ba a haife shi ba."

Da rani ruwan gona rabo ake yi, yau gonakin gabas, gobe na yamma, kuma kowa ya san ranarsa. Pak Darmaji ya jira rana ta take, manoma sun koma gida cin abinci, ya je ya fasa bakin magudanar da fartanya, ya jawo ruwan gabas zuwa cikin shingensa. Fasawa ya iya. Tsayarwa ce ba a koya masa a otal ba. Ruwa ya cika lambun, ya haura hanya, ya gangara gidansa, ya shiga madafin Bu Sumirah ba sallama, ya kashe mata wuta, ya fito ta ɗaya ƙofar ɗauke da takalmansa biyu da murfin tukunya.

Ana cikin haka sai ga mai agwagi. Shi kuma dokarsa ɗaya ce: duk inda ruwa ya kwanta babu shinkafa a ciki, wurin kiwo ne. Ya kafa sandarsa mai tsumma a bakin shinge, agwagi suka fahimta. An yi shingen ne don tsofaffi, ba a yi tunanin masu gajerun ƙafa ba. Suka bi ta ƙasa, suka shiga, suka yi wanka, suka tone, suka tattake, suna ta hira da ƙarfi.

"Kai! Kai! Fitar da su! Ciyawar birni ce!"

"Yi haƙuri, Pak, in sun shiga sai sun ƙoshi. Ko ni ba sa jin maganata."

Da suka gama, mai agwagin, mutumin kirki, ya miƙa wa Pak Darmaji ƙwai a hula, kamar yadda ake yi wa mai gona. Yana tsaye da ƙwai a hannu, ruwa har idon sawu, manoman gabas suka iso da mai rabon ruwa a gaba. Ba su zage shi ba. Sun dai yi masa doguwar gaisuwa, suka tambayi lafiyar iyali, sannan suka miƙa masa kwando suka tsaya a kansa har ya toshe abin da ya fasa.

Bayan 'yan kwanaki ciyawar ta kwanta, ta yi baƙi, ta fara wari. Warin da mutanen ƙauyen gaba suka aiko a tambaya ko saniyar wani ce ta faɗa rijiya. Ita kanta Sekar ta daina kuka.

Kang Ngadimin ya fara wucewa ta ƙarƙashin gorar da ƙullin tafarnuwa a hannu. Sai ya ɗaga kai ya dubi keji, ya jinjina tafarnuwar, ya wuce.

Wani zai haƙura ya je ya ba da baki. Pak Darmaji kuwa dabara ta zo masa. Saura kaɗan alƙalai su iso, birni ya yi nisa, aljihu ya yi sanyi. Ya ɗauki buhu ya hau tudun bayan maƙabarta, inda tofa ta fitar da farin kai tana rawa a iska. Ya tono ta da saiwa, ya cika shingen da ita, ya bar siririyar hanya a tsakiya.

Tofa kuwa ko jariri a ƙauyen nan ya san ta. Ita ce kakanninmu suka mutu suna yaƙi da ita a gona. Mai unguwa Pak Kasno ya leƙa ta kan shinge, ya yi gyaran murya.

"Pak Darmaji, ba don in yi shisshigi ba, amma wannan kamar na san ta."

"Kama ce kawai, Pak. Wannan 'yar Japan ce. Fara take fitowa, sai ranar biki ta rine."

"Ita ta san ranar bikin?"

"Ciyawar Japan, Pak. Ba ta makara."

Ba ta makara ba kuwa. Safiyar ranar gasa, ya dama galura mai ruwan shunayya a cikin famfon feshin maganin ƙwari da ya aro, ya zuba man kwakwa don ta yi sheƙi, ya feshe tofar daga sama har ƙasa. Bu Sumirah ta fito ta duba, ta dubi mijinta, ta koma ciki ta fara neman ƙyallen da za ta ba Kang Ngadimin ya rufe keji.

Alƙalai suka iso da hantsi, su uku, fari fat tun daga hula har takalmi. Babbansu mutum ne mai faɗi, wanda ya fi hanyar da aka bari a tsakiyar lambun. Yara suka rera waƙa, aka yi tafi. Daga nesa abin ya burge, ban ɓoye muku ba. Da Pak Darmaji ya bar su sun kalla daga nesa, wa ya sani? Amma ina!

"Ranku ya daɗe, ba a kallon wannan daga waje. Shiga ake yi. A otal ɗinmu minista ma sai da ya shiga. Bismillah."

Ya buɗe ƙofar shinge. Babban alƙali ya shiga, sauran suka bi shi. Tofa ta rungume su ta dama da hagu. Gefen ganyenta kuwa reza ne. Muka ji "Ash!", muka ji "Wayyo!", sannan iska ta taso, audugar kan tofar ta tashi jiƙe da mai, ta sauka a gashin bakin babban alƙali. Ya yi atishawar da ta kori agwagi daga gona ta uku. Da suka fito ta ɗaya gefen, babu fari a jikin kowa sai ido. Alƙaliyar da ke cikinsu ta dubi siket ɗinta, ta ciro ganye ɗaya daga hannun riga, ta ɗaga shi sama.

"Pak, wannan ba tofa ba ce?"

"'Yar Japan ce, Bu."

"Mahaifina ya yi shekara yana tone 'yar Japan ɗin nan a gonarsa."

Babu wanda ya yi dariya, don baƙi ne. Amma kafaɗun ƙauyen gaba ɗaya rawa suke yi.

Rijiyar Kang Ngadimin ce mafi kusa, sai aka kai su can. Babban alƙali ya nemi wurin da zai tuɓe wando ba idon jama'a. Ya zagaya bayan garken awaki, inda aka jingina wata tsohuwar tabarmar gora, ya ɗaga ta ya shige. Ba a jima ba muka ji ya ƙwala kira.

"Ku zo! Ku zo ku gani!"

Muka ruga, muna zaton maciji ne. Ashe gindin ciyawar nan ne da Pak Darmaji ya watsar. A kan duwatsu, cikin rana, ba ruwa, ba taki sai abin da awaki suka yi sadaka, ba mai yi mata lacca, ta kama ƙasa ta tashi. Ta kai ƙugu. Ja mai duhu, ta zubo ta ko'ina, wutsiyoyinta suna sheƙi. Ko a gaban otal ɗin ban jin ta taɓa yin haka. Na dubi Kang Ngadimin, na dubi tabarmar da ya jingina, na gane ya daɗe da sani, ɓoye ta ya yi.

"Wa ya shuka wannan?" in ji babban alƙali, yana riƙe da wando da hannu ɗaya.

Pak Darmaji ya ratso jama'a kamar an harbo shi.

"Ni ne, ranka ya daɗe! Da hannuna! Dabara ce ta manyan lambuna: a yanke ta, a tone ta, a jefa ta da ƙarfi. Waccan ta bakin hanya don gwajin alƙalai ce kawai. Kang, faɗi gaskiya, ba ni na kawo ta nan ba?"

"Kai ka kawo," in ji Kang Ngadimin, kamar ana cire masa haƙori. "Har ka ce a yi mata addu'a."

Alƙalan suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Babban ya ce a duk ƙauyukan da suka zaga ba su ga irinta ba, kuma tun da tana kan tsohuwar hanyar shiga ƙauye, za a iya lissafa ta. Sai dai ba za a ɗauki hoton shaida da su a haka ba. A je gidan mai unguwa, a ara musu zane da riga, a ci abinci, sannan a dawo a ɗauki hoton. In hoto ya samu, kofi ya samu.

Aka ɗunguma. Bu Sumirah ta jawo rigar mijinta.

"Pak, ka tsaya a nan. Ko ka kafa mata ko da sanda huɗu da igiya."

"Bu, ana maganar manya kina maganar igiya? Alƙali yana son ya ji yadda ake jefawar."

Ya bi su. Tun daga farantin farko har na ƙarshe yana bayani. Har ya miƙe ya nuna yadda ake karkata ƙugu kafin a saki kwando. Ya gaya wa Kang Ngadimin ya ci ya ƙoshi, don hanyar kasuwa da nisa, shi kuma ba shi da sauƙin ɗauka. Kang Ngadimin ya ce cikinsa ya ɗan murɗa, ya fita, ya dawo. Wasu sun ce sun gan shi yana gaida wata tsohuwa a hanya, gaisuwa mai tsawo da nuni da hannu. Ni ban gani ba, ina wajen rogo.

Aka dawo da ganga, da yara masu tuta, da alƙalai cikin zannuwan aro, Pak Darmaji a gaba yana tafiyar mai lambu. Aka zagaya bayan garke.

Mbah Painem tana zaune a kan dami mai girman ɗan maraƙi, lauje a cinya, wutsiyoyin kyanwa suna leƙowa ta ƙarƙashinta. A kan duwatsu babu abin da ya rage sai gindi.

"Yawwa, ɗan nan," ta ce da ta hango shi. "Tun ɗazu nake jiran mai ɗora mini. Wannan ta fi ta farko ma. Ka iya shuka, Allah ya ba ka."

Ganga ta yi shiru. Pak Darmaji ya rusuna, ya haɗa hannu, ya saki murmushin nan. A gaban alƙalai, a gaban mai hoto, a gaban ƙauye, ya ɗora mata.

Kofin ya tafi ƙauyen gaba. Tayoyi suka shafa wa fenti.

Da la'asar Kang Ngadimin ya tsallako hanya, ya kwance igiya, ya sauke Sekar. Daga madafinsa ana jin ƙamshin tafarnuwa tana soyuwa. Pak Darmaji ya biyo shi har ƙofar gida, ba hula, ba labarin otal.

"Kang. Mu fa maƙwabta ne. Ba ta da nama, wallahi. Duk gashi ne."

"Ai romo ake nema, Pak."

"Faɗi abin da kake so."

Kang Ngadimin ya dubi keji, ya dubi awakinsa, ya shafa bayansa da ya daɗe yana ciwo. Ya shiga ciki, ya fito da lauje, ya miƙa masa.

"Dami ɗaya kowace safiya. Duk ranar da awakina suka ci, ita ma ta kwana da rai. Kuma kar ka kawo musu 'yar Japan."

Yanzu haka Sekar tana kan gorar Kang Ngadimin, tana kukan da ya fi na da daɗi. Tofar ta ratsa shinge ta shiga barkonon Bu Sumirah, saboda haka yammacin Pak Darmaji ma ba a banza yake tafiya ba. Da safe kuwa za ka gan shi a bakin hanya da lauje, yana rige-rigen ciyawa da Mbah Painem, kuma ita take ci. Jiya wani baƙo ya tsaya da babur ya tambaye shi ko shi ne mai yankar ciyawar ƙauyen. Ya sauke dami, ya gyara hula.

"Yanka? Haba ɗana. Ni ne mai kula da ciyawar yankin nan gaba ɗaya. Ko tsinke ba ya tsayawa sai da izinina."

Daga can ƙofar gida Kang Ngadimin ya ɗaga ƙullin tafarnuwa, ya jinjina. Mai kula da ciyawar yanki ya sunkuya, ya ɗauki daminsa.